Mitar Baba

Milwaukee, 9 ga Oktoba

Babana abin ƙauna,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya gwiwar? Ina fatan kana shan maganin, ba ajiye shi kake yi a aljihu ba. A gaishe da Mama.

Ka tuna injin da aka ba ni, wanda ba shi da maganaɗisu, ƙarfe ne zalla? Aikina shi ne in sa wutar da yake ja ta zama aiki. In aka auna hakan, ɗaya ne cikakken maki, masu saye suna son 0.95. Ranar Talata na auna na sami 0.97, na sa hannu, shugabana Mista Petrowski ya aika musu.

Baba, da mitarka ta lantarki na auna, wadda ka ba ni ranar da na gama jami'a. So na yi sakamakona na farko ya fito daga cikinta. Sai jiya na tuna an yi ta ne don injinan da ke jan wuta sumul, nawa kuwa zuƙarta yake guntu-guntu. Na sake aunawa da ta ofis sau huɗu: 0.81.

Ba wanda ya sani, kuma saura sati uku a yanke ko za a riƙe ni a aikin. Gobe zan faɗa masa. Kada ka ji haushi, ba laifin mitar ba ne.

'Yarka,
Corinne

16 ga Oktoba

Baba,

Na sami wasiƙarka, na ji daɗin gwiwa ta yi sauƙi. Mama ta ce ka wuni kana cewa mitarka ba ta taɓa yin ƙarya ba tun 1984. Na yarda, ni na yi mata tambayar da ba ta sani ba.

Na faɗa wa Mista Petrowski.  Ya miƙo min waya ya ce cikin zolaya, "To Farfesa, ke kika sa hannu, ke za ki kira masu sayen."

Na kira. Sun ba mu sati biyu. Na ƙara naɗin wayar lantarki a mashigar wutar, na gyara lokacin da injin ke jan wuta, yanzu muna 0.93.

Yau Mista Petrowski ya ajiye min fayil ɗin sabon injin da za a fara aikinsa a watan Janairu a tebur. Sunana ne a bangon, ke nan za a riƙe ni. Na duba sau uku.

Taka har kullum,
Corinne