Samfurin Ranar Alhamis

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya kai da Goggo. Ya ƙafa? Sau uku ina kiranka a waya, amsar ɗaya ce: "Me kika ce?" Shi ya sa na koma takarda, direban motar ma'aikata zai riƙa kawo maka.

Tambayar aiki ce. Wata biyu ke nan da aka mayar da ni ɗakin gwajin da ka riƙe a da. Komai yana nan yadda ka bar shi: ana jiƙa ƙasar ma'adinai da asid, ruwan ya bi ta dogayen bututun nan shida masu cike da ƙwayoyin da ma'aikata ke kira ƙwan kifi, su kama ƙarafan, ragowar ruwan ya gangara tafki. Yanzu tafkin ya cika. Ƙarshen wata za a sake shi cikin rafi, kuma sai da sa hannuna.

Duk gwajin da na yi wa ruwan da ke fita daga bututun, tas yake. Amma shekaranjiya an buɗe bututu na uku, na ga ƙwayoyin sun yi baƙi, sun farfashe kamar yashi. Baba, ta yaya wannan zai ba da ruwa mai tsabta?

'Yarka.

*

Uwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafa tana nan, ta fi ni son rayuwa.

Na yi shekara bakwai ina karatun wannan abu a ƙasar da yatsu ke daskarewa, ga shi yau sana'ata gyaran maƙallan tabarau a bakin kasuwa, to bari in yi amfani da ilimin ko sau ɗaya kafin ya rube. Ƙwan kifi soso ne. Yana tsotse ƙarafan da ake nema, waɗanda ake zubawa cikin maganaɗisun waya da injina, yana kuma tsotse mugun ƙarfen da ke rakiyarsu a ƙasar wurin nan, wanda ba mai saye. In ya ƙoshi sai a wanke shi da asid mai ƙarfi, ya amayar, a kwashe, a sake mayar da shi aiki. Kowane wanki yana cin wani abu a jikinsa. Sabo yakan kai mako kafin ya ƙoshi. Tsoho kwana biyu, uku. Bayan nan ruwa wucewa kawai yake yi, yadda ɗalibaina ke wuce ni a hanya.

Amsarki ke nan. Ga kuma shawara, ba ki nema ba. An ce ki gwada abin da ke cikin kwalba, kin gwada, ya fita tas. Ki sa hannu. 'Ya'ya biyu gare ki, ubansu yana ƙarƙashin ƙasa, ni kuwa ko kaza ba zan iya riƙe miki ba. Manajanku, wanda muke kira Ba Matsala, ni na koya masa riƙe kwalbar awo, ya fasa mini goma sha ɗaya. Ba mugu ba ne. Mutum ne da ba ya son a tambaye shi, irinsu kuma sun fi mugaye daɗewa a kujera.

Ki shafa mini kan jikokina.

Babanki.

*

Baba,

Bayan gaisuwa. Wasiƙarka ta sa na je neman wanda ya tsara lokacin ɗiban samfur, don kullum safiyar Litinin ake ɗiba, wanki kuma ranar Lahadi ake yi. Ashe kullum muna gwada soso ne a ranar da aka matse shi.

Na samu takardar a ƙasan kabad, ta yi ja don tsufa. "A ɗebi samfur ranar Litinin kafin ƙarfe tara, ba a wata rana ba." Na san wannan rubutun. Da shi aka cika mini takardar shiga firamare.

Tun ina 'yar shekara goma sha huɗu Goggo take gaya mini an kore ka ne don ka ƙi sa hannu a ƙarya. Da wannan labarin na zaɓi karatun da na yi. Na ƙirga sa hannunka a takardun sakin ruwa, Baba. Goma sha tara.

Ka faɗa mini da bakinka.

'Yarka.

*

Uwata,

Sallama da gaisuwa. Goggonki ba ta yi ƙarya ba, abin da na gaya mata ta faɗa.

Rubutuna ne. A shekarar da aka ƙi sayo sababbin ƙwayoyi, an tara mu aka ce ko gwaji ya fita tas ko a rufe ma'aikata. Mutum ɗari uku ke cin abinci a cikinta. Kowa ya sunkuyar da kai, ni mai ilimi na ɗaga nawa na ce akwai dabara. Ba wanda ya tilasta mini. Har daɗi na ji a ranar, don na fi kowa a ɗakin kaifin ƙwaƙwalwa kuma kowa ya gani. Na ce wa kaina na wata shida ne, kafin kaya su iso. Kaya sun iso bayan shekara biyu, aka zuba, amma takardar ba wanda ya cire ta. Tana da amfani.

Korata kuma ba ta da wata daraja. Na zagi wani babba a gaban baƙi saboda an ba Ba Matsala kujerar da nake jin tawa ce.

Akwai wata mata mai lambun albasa a gangaren rafin, takan kawo mini kwando duk kaka, wai godiyar ina duba musu ruwa. Ina karɓa. Na kawo gida kun ci.

In kina son sani, ki ɗebi ruwa ranar Alhamis da la'asar a bakin bututu na uku, ki ɗebi na tafkin kansa ta gefen da ba a zuba farar ƙasar da ke kwantar da ƙarfen. Amma ki ji ni da kyau: abin da kika gani ba ya komawa cikin kwalba. Ni ban taɓa ɗiba ranar Alhamis ba. Na san abin da zan gani, shi ya sa.

Babanki, in har yanzu kina amsa hakan.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Na ɗiba. Na maimaita gwajin sau uku don ina fatan hannuna ne ya kuskure. Mugun ƙarfen ya ninka abin da doka ta yarda sau goma sha ɗaya a bakin bututu, sau shida a tafki.

Na kai wa manaja. Bai ko ɗaga takardar ba, ya ce, "Ba matsala, 'yar Malam. Wannan ai ba samfurin ka'ida ba ne. Wa ya ce ki ɗiba ranar Alhamis?" Na ce ba zan sa hannu ba sai an canja ƙwayoyi an sake bi da ruwan tafkin ta cikinsu. Ya ce hakan na nufin wata huɗu ba aiki, in je in gaya wa mutum ɗari uku da bakina. Ya ba ni zuwa Talata.

Doka ta ce sai mai lasisi ya sa hannu, kuma ni kaɗai ce mai shi a nan. Muddin na riƙe hannuna, famfon tafkin nan ba ya buɗuwa. Tsoro nake ji, Baba. Amma ban taɓa jin na tsaya da ƙafata kamar yanzu ba. Ka yi mini addu'a.

'Yarka.

*

Uwata,

Sallama. Gara ki ji daga gare ni.

Ba Matsala ya zo rumfata jiya da hantsi, da mota mai sanyi. Ya durƙusa har ƙasa, wandonsa ya sha ƙura. "Malam, an tsufa." Na ce, "Kai ma ka yi tumbi, kwalba nawa ka fasa bana?" Ya yi dariya, sannan ya ciro takardu biyu ya ajiye a kan tabarau. Ɗaya ta sallamarki ce, an buga hatimi, kwanan wata kawai ya rage. An rubuta kin ɓata samfur da gangan. Da wannan shaidar ko ɗakin gwajin makarantar sakandare ba zai ɗauke ki ba. Ɗayar ta sakin ruwa ce.

Ya ce, "An ce Malam bai taɓa barin lasisinsa ya mutu ba."

Gaskiya ne. Shekara goma sha biyar ina sabunta shi, ba don komai ba sai don in buɗe jaka in gan shi.

Na ce in na sa hannu, ta farkon fa? Ya yaga ta a gabana, ya zuba guntayen a aljihu.

Na sa, Uwata. Na san me za ki ce. Amma da sun kore ki, kafin Juma'a sun samo wani mai lasisi daga wani gari, ruwan ya tafi, ke ma kin tafi. Na san mutanen nan, ni na rene su. Yanzu aikinki yana nan, sunanki ba ya kan komai. Hannuna ya riga ya ɓaci, ɗaya a kan goma sha tara ba zai ƙara masa nauyi ba. Wannan kaɗai nake da shi da zan ba ki.

Ki zo ranar Asabar da yaran. Goggonki tana ta tambaya.

Babanki.

*

Baba,

Na samu wasiƙarka.

An buɗe famfon ranar Laraba, ƙarfe goma da minti biyar. Ni aka sa na tsaya na rubuta lokacin, tunda aikina yana nan. Ya ɗauki awa tara. Daga kan bangon tafkin ana hango masu ban ruwa a gangare.

Ban sani ba ko da sun samo wani mai lasisin. Kai ma ba ka sani ba. Lokacin da ka sa hannu, kwana ɗaya ya rage mini in gani.

Ba za mu zo ranar Asabar ba. Ka gaida Goggo.

'Yarka.