Gorar Awon Ruwa

Laraba da dare, Agege

Yau ma na tarar da ruwa a cikin gorar. Ni na yanke ta da hannuna, na zana mata layuka, na kafa ta a tsakar makaranta don 'yan aji biyar su riƙa auna ruwan sama kowace safiya. Makon nan har zuwa safiyar yau ko yayyafi ba a yi ba, amma kullum sai a wayi gari da ruwa har rabinta.

Na tambayi ajin. Hadiza ta miƙe, ko murmushi babu, ta ce, "Malam, ai kai ka ce hadari ba ya zuba ko'ina daidai. Wataƙila a kan makarantarmu kaɗai ya sauke." Sai ta juya ta faɗi wani abu da Yarbanci, aji ya tuntsire da dariya. Sun san ba na ji, yaushe ma na zo Legas?

Da na shinshina ruwan, kamar da ƙamshin sabulu. Ko maigadi ne ke juye ragowar ruwan wankinsa? Shi ma gaisuwarsa ta yi yawa kwanan nan. Ban yarda da kowa ba, shi ya sa da aka tashi na tuge gorar na jefa a jaka.

Ga ta nan gefen katifata, a bushe. A waje kuwa tun bayan isha'i ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwata ta cika ta malalo cikin layi. Gobe Hadiza za ta tambaye ni nawa aka samu.