Mahallabiyyar Shayin Japan a Hindawiyya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki na Makka, garin da kika taso tun daga Kano ta Sudan domin ki gani, kika kuma ƙi barinsa.

Yau na soya koren shayi a kasko, sai ƙamshinsa ya mayar da ni madafar gidan muɗawwifin nan mai saukar da alhazan Jawa, mutanen Indunusiya, a unguwar Hindawiyya, inda ni da ke muke girki a farkon shekarun sittin, lokacin da Hajji ke faɗowa tsakiyar zafi.

Kin tuna Hajja Maryam? 'Yar Japan ce da ta musulunta, ta zo tare da mijinta, wani dattijo Bajawe. Larabawan gidan suna ce mata Yabaniyya. Ƙaramar mace ce, ta manyanta, ba Larabci, balle Hausa. Ana saura 'yan kwanaki a fita Arafa zafi ya kayar da ita. Duk abin da ta sa a baki sai ya dawo. Likita ya ba da magani, ya ce in ba ta ci wani abu ba, hanyar Arafa ta fi ƙarfinta. Mijinta ya zauna a ƙofar ɗaki yana jan carbi. Teku suka ƙetaro, suka zo har gindin Ka'aba, ga shi Hajjin na neman kuɓuce mata.

Ni nake kai mata farfesu in dawo da shi yadda yake. Ke kuwa da kika shiga, zama kika yi kina kallonta. Kika lura tana da wani ɗan gwangwani a ƙarƙashin matashi, takan buɗe ta shaƙa, ta rufe. Kika miƙa tafin hannu. Ta zuba miki kaɗan. Ganyen shayi ne, amma launinsa na ƙasa-ƙasa.

Kika kai hanci, kika ce mini, "Saude, wannan ganyen ya ga wuta. Ji ƙamshinsa, kamar tumu."

Na ce ai an dafa mata shi ta kasa sha. Kika ce, "Mai zazzaɓi a wannan rana, me zai yi da abu mai zafi? Je ki sayo ƙanƙara."

Ba firji a gidan lokacin. Na ɗauko dutsen ƙanƙara naɗe cikin buhu a kaina, yana ɗiga har ya jiƙa mini mayafi. Na tarar kin jiƙa ganyen cikin madara mai ɗumi, kin tace, madarar ta koma launin fura. Kika dama mahallabiyya, kunun madarar Larabawa mai daskarewa, da garin shinkafa, sukari ɗan kaɗan, kika raba biyu: ɗaya da madarar shayin, ɗaya da madara zalla, fara tas. Kika farfasa shabura, busasshen burodin nan, kika yayyafa masa ruwan shayi, kika shimfiɗa a gindin kofin gilashi. Sannan mai shayin ta hau kai. Kika dasa kofin cikin daro tsakanin fasasshiyar ƙanƙara, kika zauna jira.

Na ɗauki farar zan zuba, kika riƙe mini hannu. "In na ƙasa bai zauna ba, na sama ba shi da wurin zama."

Haka kika bi shi hawa-hawa, ga tukwanen alhazai suna tafasa a bayanki, ba wadda ta kama. Har yau ban san yadda kika yi ba.

Da kika kai mata, ta daɗe tana duban layukan ta jikin gilashi. Ta ɗebi farar sama, ta haɗiye, muka tsaya muna jira. Abin bai dawo ba. Cokali ya nutsa ya taɓo mai shayin. Da ta kai baki sai ta rufe ido, hawaye ya gangaro. Ta cinye har shaburar ƙasa. Mijinta ya tashi daga ƙofa ya je ya yi sujada.

Sai dai gwangwanin ya kusa ƙarewa, ita kuma ba abin da cikinta ke karɓa sai wannan. Kika sayo koren shayi irin wanda mutanen Makka ke sha bayan cin nama, kika zuba a kasko. Na farko ya ƙone. Kika kai mata ta shaƙa, ta yamutsa fuska, ta yi ƙasa-ƙasa da hannu, wato a rage wuta. Kika koma. Kina soyawa kina kai mata, tana kwance tana gyara miki da hannu da hanci, har ta gyaɗa kai. Ba kalma ɗaya da ta shiga tsakaninku.

Ta tsaya a Arafa, Inna. Da ƙafarta ta hau mota, da ƙafarta ta sauka.

Ranar da za su tafi Jidda ta zo har madafa. Ta haɗa hannaye ta sunkuya miki irin gaisuwar ƙasarsu. Kunya ta kama ki, baƙuwar Allah tana sunkuya miki, sai kika durƙusa irin tamu. Da ta ga haka ta ƙara yin ƙasa. Ke ma kika ƙara. Kowacce ta ƙi yarda ta fi 'yar'uwarta tsawo, har kuka zube a ƙasa ku biyu kusa da murhu, kuka rungume juna kuna dariya, kuna share hawaye da gefen mayafi.

Ba mu sake jin labarinta ba. Amma duk shekara in alhazan Jawa sun sauka, sai na ga kina leƙen fuskokin mata.

Innata, na yi kewarki. Allah Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi, Ya shayar da ke daga Alkausara. Idan Hajja Maryam ta riga mu isa can, Allah Ya sa ku zama maƙwabta a Aljanna, inda za ku ji maganar juna.

'Yarki mai yi miki addu'a kullum,
Saude