Wata Shida na Maganin Baba

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Yau shekara shida da wata huɗu rabona da gida. Kin ce Baba ya daina tari, har ya koma shagonsa na ɗinki. Alhamdu lillahi. Amma ba ki ce yana shan magani ba, kuma na san halinki, abin da kika tsallake shi ne labarin.

Ku daina ce mini Likita a unguwa. Ni kiwon ƙwayar tarin fuka, irin ta Baba, nake yi a faranti, a ɗakin gwaji da ba taga, da takunkumi a fuska. Sati uku nake jira kafin ta nuna kanta. Manya su sa sunansu a sakamako, ni in wanke kwalabe. Ba na zaginsu, sun san aikinsu. Ni ma na san nawa: maganin wata biyu ba ya kashe ta.

Yayanki.

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. To, ka kama ni. Baba ya ce ya warke, kuma abin kunya ne ya riƙa haɗiyar magani alhali abokinsa mai guga yana tari a gabansa. Sai ya juye masa na watan nan a aljihu. Da na yi magana ya ce, "Ni na haife ku, ko ku kuka haife ni?" Sati biyu ke nan. Jiya na tarar da filonsa sharkaf da gumi.

Ƙanwarka.

Ƙanwata,

Ina gaida Baba da girmamawa. Ki karanta masa wannan a hankali.

Baba, jiki yana da sojoji masu haɗiye cuta su narkar da ita. Wannan kuwa rigarta mai maiƙo ce. In an haɗiye ta sai ta hana a narkar da ita, ta mai da cikin sojan ɗakinta. Da jiki ya rasa yadda zai yi, sai ya kewaye ta da katanga a huhu. Ba ta mutu ba, lamɓo ta yi. In aka bar magani a rabi, masu taurin kai ne ke saura, kuma su maganin farko ba lalle ya ci su ba. Alherinka bai warkar da abokinka ba, kai ma ya bar ka a hanya. Ku koma asibiti ku biyun, a gwada kakinku.

Ɗanka.

Yaya,

Na karanta masa har sau biyu. Ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi. Ya ce, "Mai shiga ɗaki ya rufe, shekara da shekaru, bai mutu ba kuma bai fito ba? Ai na san shi, ni na yi masa suna."

Sun je asibiti shi da mai guga. An ce a sake daga farko, wata shida cur. Ya karɓo maganin ya ajiye a kan keken ɗinki. Ya ce ba zai sha ba sai daga hannunka. Yaya, ba wasa yake yi ba. Har ya ɗinka maka riga da awonka na da.

Ƙanwarka.

Ƙanwata,

Na bar wa abokin aikina farantaina, ko su yi ko su lalace. Rigar za ta yi mini yawa, kada ki gaya masa.

Wata shida kwana ɗari da tamanin ne. Hutun da na iya tarawa a shekara shida, kwana goma sha tara. Biyu na hanya. Sha bakwai daga hannuna, sauran daga naki.

Ki ce masa ranar Laraba ya tanadi ruwa a kofi.

Yayanki.