Takardar da Na Nuna wa Yayana

Anti, don Allah ki taimake ni, kwana tara ke nan abinci ba ya wuce mini maƙogwaro.

Ina da kantin magani a bakin titi. A ƙofarsa akwai wani tsohon maɗaci da ya rufe mini allon suna, ga kashin tsuntsaye, ga 'yan zaman kashe wando a gindinsa. A garinmu duk itacen da hukuma ta buga wa lambar ƙarfe, irin wannan maɗacin, ba a kayar da shi sai da takardar izini. Sau biyu ina nema ana hana ni.

Yayana sana'arsa ke nan, sara da gyaran itatuwa, shekara ashirin da lasisinsa. Ga taurin kai a kan doka, amma bai iya karatu ba, hatimi kawai yake ganewa. Sai na ɗauko takardar rajistar kantina mai jan hatimi, na ce masa izini ya fito. Har barka ya yi mini, kafin la'asar ya kayar da itacen.

Washegari sai ga jami'ai. Na ce musu rassa na sa shi ragewa, shi ne ya zarce. Yana tsaye a wurin, ya dube ni, bai ƙaryata ni ba. Sun ƙwace injinsa, sun dakatar da lasisinsa. Ranar Litinin hukuma za ta zauna a kan maganar, ni ne shaida.

Ki fahimce ni fa. In na faɗi gaskiya kantina za a rufe, ni da na sha wuyar karatu. Shi kuwa ƙarfi ne jarinsa, ko dako ya yi zai ci abinci. Kuma wa ya hana shi zuwa makaranta? Matarsa har gida ta zo ta durƙusa tana ba ni haƙuri kan abin da ya jawo mini, na ce ba komai, ya wuce. Innarmu kullum cikin yi masa faɗa take. Abin da ya dame ni kallon nan nasa ne. Yaya zan yi in samu sukuni?

Mai Kantin Magani

Ɗan'uwa, tsoronka na gaske ne, ban raina shi ba, kuma itace a ƙofar kasuwanci yana iya zama takura. Amma an hana ka sau biyu, ka san doka sarai. Ka rasa wanda za ka yi wa haka sai mutumin da ya yarda da bakinka fiye da idonsa. Har ka bar matarsa ta durƙusa maka! Wannan mugunta ce, ba ni da wani suna da zan ba ta.

Ka samu lauya tun kafin Litinin, ka rubuta abin da ya faru, ka haɗa da takardar nan. Wanda ya kai kansa ya fi wanda aka tono samun sassauci. Ka nemi a ba ka damar dasa wasu itatuwan ka rene su. Kafin nan ka tara Inna da yayanka da matarsa, ka faɗa da bakinka.

Kantin yana iya tafiya, ba zan ruɗe ka ba. Yayanka ma yana iya ƙin yafe maka, yana da wannan haƙƙin. Amma ka sani kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa, kwana tara yana haɗiye ta saboda kai. Kada ka bari ya haɗiye ta har gaban hukuma.

Allah ya ba ka ƙarfin hali. Ina yi maka fatan alheri, amma addu'ata ta fi yawa a kansa.