Likita ya ce “sauƙi”, Yaya ya ji “warkewa”

Assalamu alaikum ’yan zaure. Admin ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dai na wahala, wata biyu ke nan ina jinyar yayana tsakanin Daudawa da Zariya, ƙafata har ta kumbura.

Wani ƙurji ya fito mashi cikin baki, muka yi ta jiƙe-jiƙe har ya cinye mashi muƙamuƙi, yana ta zubar da jini. A asibiti aka ce ciwon daji ne, ya wuce aiki, sai dai gashi da na’ura. Likita ya jawo ni waje ya ce gashin ba zai warkar da shi ba, zai dai tsaida jinin, ya rage zogi, ya samu ya haɗiyi koko. Shi kuwa Yaya tun a mota ya gaya mani, in ba warkewa zai yi ba kar a gasa shi kamar tsire, in maida shi gida ya mutu a ɗakinshi. Da likita ya shigo sai ya ce mashi, Baba za ka samu sauƙi. Kun san mu, in aka ce mutum ya samu sauƙi to ya tashi ke nan. Yaya ya yi hamdala, ni kuwa ban gaya mashi abin da likita ya faɗa mani a waje ba.

An yi mashi gashi huɗu, saura shida. Jinin ya tsaya, shekaranjiya har fura ya sha. Amma yanzu zancenshi noman auduga baɗi. Ga babban ɗanshi a Legas, shekara uku ba su magana, na ce a kira shi, Yaya ya ce sai ya miƙe tukuna zai je ya same shi da ƙafarshi. Matar Yaya ta ce in na faɗa mashi gaskiya ni na kashe shi. Na ce in ya tafi bai yafe ma ɗanshi ba fa, wa zai ɗauki wannan? Ta daina gaishe ni.

In na faɗa, zai bar gashin, jinin ya dawo. In ban faɗa ba, uba da ɗa ba za su gana ba. Ya zan yi, jama’a?

Jiya da la’asar ya riƙe hannuna ya ce in rantse likita ya ce zai warke. Na ce bari in yi alwala, na fice. Yau da safe na tura shi a keke zuwa ɗakin gashi, da aka rufe ƙofa na kira ɗan na ce ya hawo mota. Ya tambaye ni ko Baba ne ya ce ya zo. Na ce eh.