Harshen Walida

Laraba, da dare

Gobe da hantsi wanzami zai zo ya yanka ƙasan harshen Walida. Kaka ce ta aika masa, wai wata jijiya ce ta ɗaure harshen, shi ya sa take in'ina.

Ni kuwa na san ba haka ba ne. Shekaranjiya da ma'aikatan lafiya suka zo makarantarmu rabon maganin tsutsar ciki, na daure na jira kowa ya watse, na tambayi malamar asibitin. Ta ce, "'Yata, in'ina ba a harshe take ba. Kada ku bari a sa wa ƙanwarki aska. Akwai masu koyar da magana a Kano. Kafin nan, ku riƙa barinta ta ƙarasa maganarta da kanta."

Kwana biyu ina maimaita yadda zan faɗa wa Baba. Ɗazu na kai masa tuwo, na durƙusa, na kasa tashi. Ya ce, "Uwata, da magana ne?" Na ce, "A'a, Baba, ruwa zan ƙaro maka."

Walida kuwa murna take, don Kaka ta ce mata daga gobe ba mai sake kwaikwayonta a aji. Ta daɗe tana fama kafin ta iya cewa, "Yaya, za ki riƙe min hannu?" Na ce to.

Ga ta nan tana barci, baki a buɗe. Baba zai wuce kasuwar Maigatari bayan sallar asuba. In ban tare shi a zaure ba, shi ke nan.